Me Ke Cikin Saifar Ɓeran Yamai?

 

Duk wanda ya tsaya a bakin kogin Isa a nan Gudel zai ga abubuwa biyu kusa da juna: ma'aikatar tace ruwan da babban ɓangaren Yamai ke sha, da kuma lambunan da ke kai salak, kabeji da tumatir kasuwannin birni. A cikin ciyawar magudanan ban-ruwa da ƙarƙashin tarin shara akwai wasu mazauna da ba a ƙidaya su, wato ɓeraye, ko kusa kamar yadda da yawanmu ke cewa, da gafiya da jaba. A shekarar 2014 Madougou Garba da Gauthier Dobigny da abokan aikinsu sun wallafa sakamakon tarkon da suka ɗana a unguwannin Yamai, inda suka nuna cewa ɓeran da ya mamaye gidajen jama'a shi ne ɗan ƙasa mai yawan nonuwa, wanda masana ke kira Mastomys natalensis, yayin da baƙon ɓera Rattus rattus ya fi samun gindin zama a kasuwanni da wuraren masana'antu. Shekara ɗaya bayan haka, a 2015, suka bayyana cewa sun sami ƙwayar cutar Leptospira a ƙodar ɓerayen lambunan bakin kogi, alhali an daɗe ana ɗauka cewa wannan cuta ta ƙasashe masu damshi ce, ba ta da wurin zama a Sahel. Wannan aiki ya gaya mana wace dabba ce ke ɗauke da wace cuta, kuma a wane wuri. Tambayar da ya bar mana ita ce: yaya aka yi ɓera ke yawo da ƙwayar da za ta kwantar da mutum, shi kuwa yana cin abincinsa yana hayayyafa lafiya lau? Matsayina a wannan lacca shi ne cewa amsar tana cikin saifa da kaluluwar ɓeran, cewa ba za mu same ta ba sai mun iya tantance ire-iren ƙwayoyin garkuwar jiki da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, kuma cewa aikin ya kamata a yi shi a Yamai, a kan ɓerayenmu.

Sai mu fara da wuraren da ake magana a kansu. Garkuwar jiki tana da gidajen haihuwa da horo, tana kuma da dandalin aiki. A cikin ɓargon ƙashi ake haifar dukan fararen ƙwayoyin jini. Wasu daga cikinsu sukan wuce zuwa wata 'yar tsoka da ke ƙirji a saman zuciya, mai suna taimos, a can ake horar da su su bambance jiki da baƙo; su ne ake kira ƙwayoyin T. Har zuwa 1961 likitoci ba su san amfanin wannan tsoka ba, sai da Jacques Miller ya cire ta daga jariran ɓeraye a Ingila ya ga garkuwarsu ta rushe. Ɗaya rukunin, ƙwayoyin B, an gano asalinsu ne a jikin kaji, ta aikin Bruce Glick a 1956 da na Max Cooper a 1965. Su ne ke ƙera sinadarin kariya da ake kira antibodi. Dandalin aikin kuwa shi ne saifa mai tace jini, da ƙulle-ƙullen kaluluwa da kowa ya san yadda suke kumbura a hammata ko matsematsi idan an ji rauni, da wasu 'yan tudu a bangon hanji da Johann Conrad Peyer ya siffanta tun 1677. A waɗannan wurare kowane rukuni yana da unguwarsa. A cikin saifa ƙwayoyin T suna kewaye ƙananan jijiyoyin jini kamar kube ya kewaye wuƙa, ƙwayoyin B suna taruwa a dunƙule a gefensu, manyan ƙwayoyi masu haɗiye ƙazanta da tsofaffin jajayen ƙwayoyi, waɗanda ake kira makurofaj, suna cike jan ɓangaren. Idan cuta ta shigo, tsakiyar dunƙulen ƙwayoyin B yakan buɗe ya yi haske, alamar ana ta ƙera makami. Saboda haka yankin saifa guda ɗaya yana ɗauke da tarihin abin da dabbar ta yi fama da shi, ga wanda ya iya karanta shi.

Matsalar karatun ita ce ƙwayar T da ƙwayar B kamanninsu ɗaya ne a ƙarƙashin madubin likita. Rinin da Paul Ehrlich ya fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1870, da rinin Giemsa na 1904 wanda har yau ake duba zazzaɓin cizon sauro da shi a asibitocinmu, suna raba manyan ire-iren fararen ƙwayoyi, amma a kan waɗannan biyu ba su da ta cewa: ƙaramar ƙwaya ce mai shuɗin tsakiya, shi ke nan. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne gano cewa kowace ƙwaya tana ɗauke da alamomi a fatarta, kamar yadda a da ake gane Bagobiri ko Babarbare da tsagar fuskarsa tun bai buɗe baki ba. A 1941 Albert Coons ya nuna cewa za a iya ɗaura wa antibodi launi a aike shi ya nemo abin da ya dace da shi cikin tsoka. A 1975 Georges Köhler da César Milstein suka samo hanyar ƙera antibodi iri ɗaya tak mai kama alama ɗaya tak, a 1982 kuma wani taro a Paris ya tsara sunayen alamomin da haruffan CD da lamba. Wanda ya taɓa raka mai cutar sida asibiti ya ji ana zancen ƙidayar CD4. Ɗaya ce daga cikin waɗannan tsage-tsage. CD3 tana nuna ƙwayar T, CD20 da CD79a suna nuna ƙwayar B, Iba1 tana nuna makurofaj.

Aikin kansa ya fi kama da na marina fiye da yadda ake zato. Ana cire saifa nan take bayan mutuwar dabbar, domin a zafin Afrilu na Yamai, da ke wuce digiri 40, tsoka takan fara lalacewa cikin ɗan lokaci. A jiƙa ta cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 na kwana ɗaya ko biyu, a zare mata ruwa da alkol, a dasa ta cikin kakin farafin, sannan a yanka ta siriri ƙwarai, kaurin maikuron 3 zuwa 5, a shimfiɗa a kan gilashi. Fomalin yakan rufe alamomin, don haka sai a dafa gilashin cikin wani ruwa mai ɗan tsami domin su sake bayyana; tukunyar matsi ta girki tana yin wannan aiki a ɗakunan gwaji da yawa a duniya. Daga nan a zuba antibodi na farko ya kama alamarsa, a zuba na biyu ya kama na farko, a ƙara sinadarin da ke barin launin ƙasa-ƙasa a duk inda aka yi kamun, a bi sauran tsokar da shuɗin rini. Mai dubawa zai ga unguwar T ta yi ƙasa-ƙasa a gilashi ɗaya, unguwar B ta yi ƙasa-ƙasa a na biyu.

A nan ne wani zai ce: ai ɓera shi ne dabbar da aka fi bincike a duniya, an rubuta komai game da saifarsa, me ya sa ba za mu karanta mu huta ba? Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma tana da amsa biyu. Ta farko, kama da wane ba ta wane. Ɓeran ɗakin gwaji jinsin Mus musculus ne ko Rattus norvegicus, kuma miliyoyin shekaru sun raba su da Mastomys na gidajenmu da Arvicanthis niloticus na lambunanmu, balle gafiya da ke wani dangi dabam, ko jaba da ma ba ɓera ba ce sam. Antibodin da aka ƙera domin ya kama alamar CD4 ta ɓeran ɗakin gwaji yana iya wucewa ta gaban ta Mastomys bai gane ta ba. Masu bincike a jihar Montana ta Amurka, da suka kiwata Mastomys domin nazarin zazzaɓin Lassa, sai da suka gwada tarin antibodin kasuwa kafin su tsinci waɗanda ke aiki a kansa, kuma rahotonsu na 2021 ya nuna cewa yadda ƙwayoyin garkuwarsa ke amsawa ya bambanta da na ɓeran ɗakin gwaji. Amsa ta biyu ta fi zurfi. Ko da jinsi ɗaya ne, dabbar da ta tashi cikin keji mai tsabta, tana cin abincin da aka tsarkake, garkuwarta ba ta taɓa ganin yaƙi ba. A 2016 rukunin David Masopust a Minnesota ya nuna cewa garkuwar irin wannan ɓera ta fi kama da ta jaririn mutum sabon haihuwa, kuma da aka haɗa shi keji ɗaya da ɓerayen da aka sayo a shagon dabbobi sai ta koma kama da ta baligi. A 2017 rukunin Mark Viney a Bristol ta Ingila ya kwatanta ɓerayen gida da aka kama a waje da 'yan'uwansu na ɗakin gwaji, ya sami garkuwar na waje a tashe take ƙwarai. To idan haka lamarin yake tsakanin 'yan jinsi ɗaya a Turai, ina ga ɓeran da ke rayuwa tsakanin rumbun hatsi da kwata a Yamai, da ƙuma a jikinsa da tsutsa a hanjinsa, yana fuskantar rani na wata takwas? Zanen aro ba ya rufe katara. Littafin da aka rubuta a kan ɓeran keji zai koya mana hanyar aiki, amma ma'aunin abin da yake lafiya da abin da yake ciwo a saifar Mastomys sai mun auna da kanmu.

Wannan bai sa aikin ya gagara ba, ya dai sa dole a yi shi da hankali. Wasu alamomin suna da saiwa a cikin ƙwayar, kuma wannan saiwa ba ta cika sauyawa daga jinsi zuwa jinsi ba. Shi ya sa antibodin CD3 da na CD79a da aka ƙera a kan ɓangaren ciki, haka ma na Iba1, suke aiki a kan dabbobi masu yawa, kuma likitocin dabbobi sun daɗe suna amfani da su. CD4 da CD8 sun fi wuya, domin ɓangarensu na waje ake kamawa, shi kuwa yana sauyawa. Tarkunan kuskure kuma suna nan, kuma ina so ɗalibai su riƙe su da kyau. Idan antibodin farko a jikin ɓera aka ƙera shi, na biyun da aka aika ya nemo shi yana iya kama antibodin da ita saifar ke ɗauke da shi tun asali, sai gilashi ya cika da launin ƙarya. Wanda aka ƙera a jikin zomo ya fi aminci a nan. Saifa tana tara ragowar ƙarfen jini mai launin ƙasa-ƙasa, wanda sabon ido zai ɗauka rini ne ya kama. Saifar ɓera kuma tana ci gaba da ƙera jini har bayan ya girma, abin da in aka gan shi a saifar baligin mutum alamar ciwo ne, don haka likitan da ya saba da tsokar mutane zai iya rubuta cuta inda babu ita. Maganin duk wannan shi ne shaida ta wuri da ta kwatance. Idan antibodin da aka ce na T ne bai rina kewayen jijiya ba sai ya rina dunƙulen B, ƙarya yake yi komai tsadarsa. Kowane gwaji kuma a haɗa shi da gilashin da aka san zai kama, da wanda aka hana shi antibodin farko domin a ga ko launi zai fito haka nan. Sakamakon da ba shi da waɗannan shaidu bai cancanci a kafa hujja da shi ba.

Suka ta biyu ta fito ne daga matasan masana, kuma ina girmama ta. Suna cewa zamani ya wuce yankan kaki: akwai gwajin PCR mai gano ƙwayar cuta a jiki, akwai na'urar da ke ƙidaya ƙwayoyi dubu-dubu cikin daƙiƙoƙi da hasken leza, wadda aka haɓaka a Stanford ƙarƙashin Leonard Herzenberg. Gaskiya ne PCR ce ta nuna mana Leptospira a Yamai, kuma ba mai musun darajarta. Amma ita tana gaya maka ɓarawo ya shiga gida ne, ba ta gaya maka abin da masu gida suka yi ba. Na'urar ƙidaya kuwa tana buƙatar ƙwayoyi masu rai, da sanyi mara yankewa, da wutar lantarki tsayayya, kuma tana niƙe tsokar, sai ka san adadi ka rasa wuri. Kowa a wannan zaure ya san halin wutarmu a watannin zafi. Dunƙulen farafin ba ya narkewa sai zafi ya kusa digiri 56, yana zama a kabad shekara da shekaru babu firiji, ɗalibin da zai zo bayan shekara 20 zai iya sake yanka shi ya yi masa sabuwar tambaya. Akwai kuma batun tsaro. Ƙwayar Lassa tana cikin waɗanda ba a taɓa su da rai sai a ɗakin gwaji mai matakin tsaro na 4, fomalin kuwa in ya ratsa tsoka sosai yana kashe ta. Haɗarin yana wurin kamu da fiɗa, inda safar hannu, takunkumi da horo suka zama wajibi. Bayan nan gilashin ba ya cutar da kowa.

Sai babbar tambaya, wadda mai lambu ko uwar gida za su yi, kuma suna da haƙƙin yin ta: ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da sanƙarau, ina ita ina kashe kuɗi a kan saifar ɓera? A sa guba a huta mana. Guba tana rage ɓeraye na 'yan makonni, amma macen Mastomys tana da nonuwa da kan kai 24, takan haifi 'ya'ya 10 ko fiye a ciki ɗaya, gurbin da aka buɗe nan da nan yake cika da ƙanana. A nan ne garkuwa ta shigo cikin lissafi. An gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, an kuma gano ƙwayar a jikin Mastomys a Saliyo bayan ɓarkewar 1972. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa ɓeran da ya kamu yana jariri yakan riƙe ƙwayar na tsawon lokaci yana zubar da ita a fitsari, wanda kuwa ya kamu bayan ya girma garkuwarsa takan kawar da ita. Ke nan ba kowane ɓera ne haɗari iri ɗaya ba, kuma shekarun ɓerayen unguwa da yanayin garkuwarsu suna cikin abin da ke sa cuta ta tashi ko ta kwanta. Nijar ba ta cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafawa a matsayin gidan Lassa, amma ɓeran yana ɗakunanmu, cutar kuma tana Najeriya da Benin da Mali, dukansu maƙwabtanmu ne. Haka nan Leptospira: tana zama a ƙananan bututun ƙodar ɓera ba tare da ta kashe shi ba, tana fita a fitsari ta shiga ruwan ban-ruwa, ta shiga jikin mutum ta tsagewar ƙafa. Alamominta na farko zazzaɓi ne da ciwon kai da ciwon jiki, wato abin da kowa zai kira masassara ya sha maganin cizon sauro, alhali maganinta na ƙwayoyin bakteriya ne kuma yana samuwa. Mai lambun da ke tsayawa cikin ruwa babu takalmi, da iyalan da ambaliyar 2020 ta shiga ɗakunansu, su ne masu cin moriyar wannan sani. Binciken ɓera wani reshe ne na yaƙi da zazzaɓin da ba a san sunansa ba.

Akwai wanda zai damu da haƙƙin dabbar, kuma damuwa ce mai kyau. Addininmu ya halatta kashe ɓera saboda ɓarnarsa, ya kuma hana azabtar da kowace dabba. Ƙa'idar bincike ta dace da wannan: a kashe cikin gaggawa ba tare da wahalarwa ba, kada a kama fiye da buƙata. Hasali ma abin da nake kira gare shi ba ya buƙatar ƙarin kisa mai yawa. Duk lokacin da aka ɗana tarko domin neman ƙwayar cuta ana buɗe dabbar a ɗauki ƙoda ko wani yanki na saifa a sa a alkol saboda PCR. Tsokar da aka ajiye haka ba ta ba da kyakkyawan yanka. Da za a raba saifar biyu, rabi a alkol rabi a fomalin, a haɗa da kaluluwa da taimos da guntun hanji, a rubuta jinsi, nauyi, mace ko namiji, wuri da wata, da dabba ɗaya ta amsa tambaya biyu.

Yamai ba ta rasa inda za a ɗora wannan aiki ba. Akwai Jami'ar Abdou Moumouni da sassanta na kimiyya, aikin gona da likitanci. Akwai cibiyar CERMES ta binciken lafiya, akwai LABOCEL ta lafiyar dabbobi, akwai AGRHYMET a ƙetaren kogi, akwai ma'aikatar kare tsirrai da ke da mutanen da suka san kamun ɓera da tantance jinsinsa. Injin yanka kaki da madubi kayan aikin duba tsoka ne na yau da kullum. Abin da ya rage shi ne a haɗa mai tarko da mai madubi a teburi ɗaya, a fara da jinsuna huɗu: Mastomys, Arvicanthis, Rattus rattus da gafiya, a gwada CD3, CD79a da Iba1 a kan kowanne, a wallafa wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba, domin ɗalibin Maraɗi ko Zariya kada ya sake ɓata kuɗi a kan abin da aka riga aka gwada. Daga nan a tara saifar rani da ta damina, ta gida da ta lambu, ta ƙanana da ta manya, har a san yadda lafiyayyar saifar kowane jinsi take.

Kirana ga shugabannin waɗannan cibiyoyi shi ne su sanya ajiyar tsoka cikin fomalin ta zama sharaɗi a duk aikin kamun ɓera da za a amince da shi, kuma kashi ɗaya na dunƙulen farafin ya zauna a Yamai ko da an tura wani waje. Ga ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kansa, ga fili nan a buɗe. Ku kuma iyayenmu masu lambu a Gudel, idan masu bincike suka zo da tarkunansu da takardar izini, ku ba su hanya, ku kuma tambaye su ranar da za su dawo muku da sakamako. Kafin nan, a sa takalmin roba in za a shiga ruwan ban-ruwa, a rufe abinci da randa da dare, kuma wanda zazzaɓinsa bai sauka ba bayan maganin cizon sauro ya koma likita ya gaya wa mai duba shi cewa a cikin ruwa yake aiki.